Jar Motar Baba da Mai Neman Aurena

Sallama gare ku masu bibiyata. Wata baiwar Allah ta rubuto min tana cewa na cika zargi, wai duk namijin da ya shigo labarina sai na ɗaga shi na leƙa ƙarƙashinsa. Gaskiyarki 'yar'uwa, ban musa ba. Yau za ki ji inda na koyo halin, kuma in kin gama karantawa ki faɗa min ko ke ce da me za ki yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mero. A shekarar 1987 ina da shekara ashirin da uku, ina aiki a wani kantin magani, muna zaune ni da Gwaggo a ɗan gidanmu na katako mai ɗaki biyu a East Greensboro. Babana, Malam Abdulhamid, karatun aikin gona ne ya kawo shi daga Zariya, da ya gama jami'ar ta riƙe shi aiki. Bayan rasuwar mahaifiyata ya ɗauko ni tare da yayarsa, wato Gwaggo, don ta riƙe ni. Shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari shi ma Allah ya karɓi abinsa, ya bar mana gidan, da littattafai cike da kwali, da mota.

Motar nan ita ce labarin. Chevelle ce ta 1970, ja wur, da baƙin zane biyu a kan bonet. Baba ya saye ta a 1979, lokacin da ake layin fetur har kan titi, kowa yana neman kai da manyan motoci masu shan mai. Mai ita har godiya ya yi wa Baba da ya raba shi da ita. In aka tayar da ita tagogin gidanmu sai sun yi rawa. Gwaggo ta tsane ta tun ranar farko, ta sa mata suna Makwaɗaiciya, ta ce duk albashin ƙaninta a cikinta yake ƙarewa. Baba kuwa dariya kawai yake yi, ranar Lahadi ya wanke ta da hannunsa, ya ɗauke ni mu bi High Point Road a hankali kamar masu rakiyar amarya.

Da ya rasu aka tura ta gareji. Ni tsoron tuƙa ta nake, Gwaggo kuma ta samu sito. Buhun shinkafa a kujerar baya, jarkar manja da manyan tukwanen suna a but, tayoyi duk sun sace. Takardar mallaka dai sunana aka mayar a kai, saboda Gwaggo ta ce ita ba ta sa hannu a takardar Nasara.

To, sai ga Sirajo.

A ƙaramar Sallah na fara ganinsa, a gidan Alhaji Dabo, dattijon da duk Bahaushen garin yake kai wa gaisuwa. Ɗan Funtuwa ne, dogo, yana karatun digiri na biyu, da yamma kuma yana aiki a wani filin sayar da tsofaffin motoci a High Point Road. Farar shadda ya sa ranar, hula ruwan toka, ga ƙamshi. Shi ya yi tayin mayar da mu gida a 'yar Datsun ɗinsa, ya buɗe wa Gwaggo ƙofa har da rusunawa. Kafin mu iso gida Gwaggo ta gama yanke hukunci, ni kuma, ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi nisa da ita ba.

Ku da kuke da waya a tafin hannu ba za ku gane ba. Mu waya ɗaya ce a bangon kicin, mai doguwar igiya, sai 'yar na'urar ɗaukar saƙo mai kaset da Baba ya saya. In na dawo daga aiki na ga jar fitilarta tana ƙiftawa, jakata ma ba na ajiyewa.

"Mero, Sirajo ne. Ba komai, muryarki kawai na so in ji, sai ga shi na'ura ta amsa min. Ki gaida Gwaggo."

Sai Gwaggo ta yi kamar tana tsince shinkafa, alhali kunnenta yana wurin. Na so shi, so na gaske, irin wanda mutum zai tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai amsa sallama.

Abu na farko da ya tsaya min a rai ƙarami ne. Duk Lahadi bayan la'asar yake zuwa, kuma bai taɓa ajiye motarsa a ƙofar gida ba, sai ta gefen gareji. In zai sake alwala ba ya shiga banɗaki, wai kunyar Gwaggo yake ji, sai ya zagaya famfon da ke jikin gareji. Alwalar kuwa takan yi tsawo. Wata Lahadi ya dawo da baƙin mai a hannun rigarsa.

"Me ya ɓata maka riga haka?"

Ya duba, ya yi dariya. "Kin san aikinmu. Wataƙila tun daga filin motocin na kwaso."

Rigar fara ce sol, kuma da ya shigo ni na yaba gugarta. Can muna cikin hirar wani abu daban, yana kurɓar shayi, ya jefo tambaya kamar wanda bai damu ba.

"Motar marigayi kuwa, injin da ta zo da shi ne a ciki, ko an taɓa canzawa?"

"Ina zan sani? Me ya sa?"

"Just asking. Tausayinta nake ji, tana zaune tana tsatsa."

Na ce a raina, mutum mai tausayin ƙarfe ai zai ji tausayin mace. Kun ga yadda so yake mayar da mutum.

Bayan babbar Sallah Alhaji Dabo ya kawo kayan gaisuwa a madadin iyayen Sirajo: goro da aka yo saƙonsa tun daga New York, alewa, turmin atamfa biyu. Gwaggo ta karɓa tana hawaye. Daga ranar kuma ta zama suruka sosai. In ya shigo sai ta ja mayafi ta kawar da fuska, ta amsa gaisuwa tana kallon bango. Abinci ba ta ci a gabansa, ko ruwa ba ta sha.

Sai kun san Gwaggo za ku gane abin da nake nufi. Matar nan Turancinta kalma uku ne, "no", "too much", da "thank you", amma da su take shiga kasuwar gwanjo ta ranar Asabar ta fito da kaya a rabin kuɗi. Na taɓa ganin ta tsaya kan tukunya ɗaya kusan awa guda, tana nuna yatsu, tana tafiya tana dawowa, har Baturen ya ɗaga hannu ya ce ta ɗauka ta ba shi lafiya. Ba a haifi wanda zai cuci Gwaggo a ciniki ba. Amma a wurinmu babbar mace ba ta ciniki da surukinta, ba ta buɗe baki ta yanka masa farashi. Sirajo ɗan Funtuwa ne, ya san wannan sarai.

Lahadin ƙarshen Satumba ya zauna a ƙasa kan kafet, ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, akwai wata 'yar shawara, in ba za ta zama rashin kunya ba."

"Ina jin ka," in ji ta, fuska a bango.

"Na ga biki yana matsowa, za a buƙaci wurin girki da wurin zaman mata. Ga gareji mota ta tare. A wurin aikinmu mukan sayi irin waɗannan tsofaffin, a ciri abin da zai ciru. Gaskiya ba za ta wuce dala ɗari biyar ba, wa zai sayi mai shan fetur haka? Amma ki faɗi abin da kike so."

Gwaggo ta ƙara jan mayafi. "Subhanallahi. Ni in yi ciniki da kai? Ɗauke ta kawai, ai kai ɗa ne. Dama ta ishe ni."

"A'a Gwaggo, kayan marayu ne. Zan kawo ɗari biyar ɗin a sa a hidimar biki."

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Ya juyo gare ni da murmushin nan nasa da ke kashe min jiki. "Mero, sai ki nemo title ɗin, takardar mallakar nan, ki sa hannu a baya. Asabar zan zo da janwe."

Na ce to. Amma ina rakiyarsa na lura da wani abu: mutumin da kullum sai ya tsaya a bakin mota muna hira har sauro ya kore mu, ranar nan sallama ɗaya ya yi ya ja mota yana fito.

Da na koma ciki na ce, "Gwaggo, da mun bari an tambaya tukuna. Motar Baba ce fa."

Ta sauke mayafin, ta dawo Gwaggon da na sani. "A tambayi wa? In aika ki ki bi gari kina tambayar ko mijin da za ki aura ya cuce mu? Mero, ki kiyaye ni. Shekararki ashirin da uku. Hausawan garin nan in aka tara su ba su cika bas ɗaya ba, rabinsu da matansu, sauran kuma Turawa suke bi. Allah ya kawo miki ɗan mutunci har gida, za ki tsaya kan tsohon ƙarfe? Na riga na ba shi, magana ta fita daga bakina. So kike a ce 'yar'uwar Abdulhamid ta yi kyauta ta janye?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ki nufi zuwa ki kwashe min shinkafata daga ciki."

Ranar Laraba ba ni da aiki, na ɗaga ƙofar gareji na fara fito da kaya. Ina jan buhu sai na ji muryar maƙwabcinmu ta kan shinge. Mista Pettiford ke nan, baƙin Ba'amurke, tsohon makanike da ya yi ritaya. Shi da Baba sun sha kwanciya a ƙarƙashin motar nan suna gardamar siyasa, kuma shi ya riƙe min hannu a asibiti ranar da Baba ya cika. Da Turanci muke magana, amma ga abin da ya gudana.

"Miss Mero, ba dai sayar da ita za ku yi ba?"

"An ma sayar. Ɗari biyar."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Sake faɗa."

"Ɗari biyar."

Ya juya ya shige gidansa. Na ɗauka na ɓata masa rai ne. Sai ga shi ya zagayo da tocila da wata mujalla mai kauri, duk tallan motoci ce, ya naɗe gefen wasu shafuka. Ya buɗe bonet, ya goge wani wuri a jikin injin da tsumma, ya haska.

"Karanta min lambar nan. Yanzu zo ki duba ta jikin gilashin gaba. Kin ga ƙarshensu ɗaya? Wannan injin da shi ta fito daga kamfani, babu wanda ya taɓa shi. Shi masu kuɗi suke nema."

"Wane masu kuɗi? Ai cewa aka yi ba mai son irinsu."

"Da ke nan, lokacin wahalar mai. Yanzu fetur ya yi sauƙi, kuma yaran da suke 'yan sakandare suna leƙen motocin nan ta taga sun girma, sun zama lauyoyi da likitoci. Abin da suka kasa saya suna da shekara sha bakwai shi suke bi yanzu da kuɗi a hannu. Ga shi an daina ƙera irinsu, da yawa kuma an farfasa. Bara wani farashi, bana wani." Ya ɗora yatsa a kan wani talla. "Ga irin taku. Karanta da kanki."

Na karanta, na sake karantawa, don na ɗauka idona ne ya ƙara sifili. Ya ce tamu, yadda take a ajiye ba ta sha ruwan sama ba, ko a yau aka fitar da ita ba za a rasa mai ba da dubu goma sha takwas ba, wataƙila ashirin.

Na zauna a kan buhun shinkafa. Duk da haka sai na ji bakina yana kare shi. "Wataƙila wanda ya saya bai sani ba."

"Wa ya saya?"

"Sirajo. Wanda zan aura."

"Mai Datsun?" Ya daɗe yana kallona. "Yarinya, na so in yi shiru, don na ga kina farin ciki, na ce ba ruwana. Amma babanki abokina ne. Saurayin nan ya sani. Tun watan Maris ya zo nan."

"A Mayu muka haɗu."

"Na ce miki Maris. Ƙofar garejin a ɗage take, ya hango ta daga titi ya tsaya. Wandon jeans ya sa da hular hana-sallah. Ya tambaye ni ta wace ce, na ce ta marigayi ce, sai 'yarsa da yayarsa suka rage. Da tocilata ya haska lambar nan da na nuna miki. Daga nan ya je ya ƙwanƙwasa muku ƙofa, kina wurin aiki. Gwaggonki ta taga ta amsa, ya yi mata Turanci, ta ce masa no, ta saki labule."

Wannan ne ya fi ƙona min rai, har ya fi maganar kuɗin. Bahaushe ya ga tsohuwa Bahaushiya da ɗankwali da zane a tsakiyar Amurka, ya ji Hausar da take yi wa kanta a bayan labule, bai ce mata ina wuni ba. Turanci ya yi mata don kar ta gane shi. Da baƙo ya tambaya an ce a'a, sai ya koma ya sa shadda ya dawo a suruki, wanda ba a iya ce wa a'a.

Haka na fassara abin. Amma wata zuciyar tana ce min, to in ma motar ce ta kawo shi, ba zai yiwu da ya gan ki ya so ki da gaske ba? Mutum yakan je kasuwa sayen gishiri ya dawo da zane. Wata huɗu yana kira, yana tambayar ciwon ƙafar Gwaggo, ya taɓa tuƙi har Raleigh don ya samo min littafin jarrabawa. Duk wannan don ƙarfe?

Ranar Alhamis da ya kira na ja igiyar wayar har bayan firji don kar Gwaggo ta ji.

"Sirajo, in tambaye ka mana. Yaushe ka fara ganin gidanmu?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ranar Sallah mana, da na kawo ku."

"Kafin nan ba ka taɓa biyowa ta layinmu ba?"

"Me zai kawo ni? Come on, Mero. Kin dai nemo title ɗin ko?"

"Na nemo."

"Yauwa amaryata."

Ko numfashinsa bai canza ba. Na ajiye wayar na tsaya ina kallon bango, ina jin tsoron mutumin da ya iya ƙarya da murya mai daɗi haka.

Juma'a da rana Gwaggo ta tafi gidan wata Hajiya Bebi taya ta aikin suna. Tana fita na ƙwanƙwasa wa Mista Pettiford. Ya hura tayoyin, ya kira ƙaninsa mai gonar dawaki a Summerfield, suka zo da babbar mota. Kafin su ɗaure ta na roƙi minti biyar, na shiga na zauna a kujerar direba. Ƙarƙashin warin manja har yanzu akwai ƙamshin turaren Baba, carbinsa ma yana rataye a madubi. Na cire shi na sa a aljihu, na yi kukana, na fito. Suka tafi da ita rumbun ciyawa, na sauke ƙofar gareji na kulle. Ban faɗa wa Gwaggo ba, don na san in ta ji da kanta za ta taka har Summerfield ta turo ta.

Asabar na tashi na yi wanka na sa atamfar da ya kawo, kore mai ganye, na ɗaura ɗankwali, har da kwalli. Kar ku tambaye ni dalili. Ina ji so nake in ya ga babu mota ya ga akwai ni.

Ƙarfe goma sha ɗaya Datsun ta tsaya, janwe a bayanta. Ina bayan labule ina kallo. Na ba shi mabuɗin gareji ta taga, ya karɓa yana murmushi, ya zagaya. Na ji ƙarar ƙofar gareji ta ɗagu. Sai shiru. A cikin shirun nan babu addu'ar da ban yi ba. Na ce ya Allah ka sa ya shigo ya yi sallama, ya gaida Gwaggo, ya tambaya a hankali. In ya yi haka wallahi zan yafe masa watan Maris.

Ƙofar falo ta bugu da bango. Babu sallama, takalmi a ƙafa har tsakiyar kafet, Gwaggo tana zaune kan sallaya ta idar da walaha.

"Ina motar?"

Gwaggo ta zabura ta ja mayafi. "Lafiya? Ba ta gareji?"

"Babu komai a garejin! Mero, ina motar?"

Na miƙe tsaye. "Na sayar jiya."

"Kin me?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Mero! Abin da na bayar da bakina? Kin kashe ni, kin tozarta ni a gaban..." Ta kasa ƙarasawa.

Shi ko kallonta bai yi ba. "Wa kika sayar wa? Nawa?"

"Wani ne ya zo wucewa ya taya. Na ga na hutar da kai wahalar janwe. Ɗari biyar ya bayar, daidai yadda ka ce ta kai."

"Ɗari biyar?" Ya ɗora hannu biyu a ka, hularsa ta faɗi. "Ɗari biyar! Are you crazy? Motar dala dubu ashirin kika ba wani a ɗari biyar? Kin san wata nawa na yi ina..."

Nan ya tsaya. Bakinsa a buɗe, amma maganar ta riga ta fita, kuma da Hausa ta fita, babu abin da zan fassara wa kowa.

Ana jin ƙarar injin janwe a waje. Gwaggo ta juyo a hankali, ta dube shi tun daga takalmin da ke kan kafet ɗinta har fuskarsa.

"Dubu nawa ka ce?"



"Wata nawa ka yi kana me?" in ji ni. Muryata ta fito siririya, ba yadda na shirya ta ba. "Ƙarasa mana. Daga Maris ake lissafin ko daga Sallah?"

Sai ya durƙushe a wurin. Ya cire takalman, ya riƙe su a hannu kamar bai san inda zai ajiye ba, idonsa ya kawo ruwa.

"Mero, ba zan ƙara yi miki ƙarya ba. Da farko motar ce. Na gan ta, na san abin da take, na ce in na same ta na gama biyan makaranta na huta. Amma wallahi da farko ne. Da na san ki komai ya canza. Niyyata in sayar in kama mana gida, ai duk namu ne, ni da ke. Tsoro na ji in faɗa, kar ku ce abin da ya kawo ni ke nan."

"Tashi ka je," in ji Gwaggo. Ba ta ɗaga murya ba. "Mai janwe yana jiranka."

Ya ɗauki hularsa ya fita da takalmi a hannu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Zan kira ki. Don Allah ki saurare ni."

Ga abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku: na yarda da rabin maganarsa. Na faɗa wa Gwaggo gaskiya, cewa motar tana Summerfield lafiya lau, ba ta yaba ba, ba ta zage ni ba. Ni kuwa na wuni da atamfar a jikina ina zagaya kicin, ina wanke kofin da na riga na wanke. Na yanke a raina cewa in ya kira ya ce mota ta tafi ta tafi, shi ni yake so, zan bar shi ya yi sati yana lallashi, sannan in kai shi Summerfield in buɗe masa rumbun mu yi dariya.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Na kai hannu, sai na janye, na ce bari ya ɗan ji jiki. Na'urar ta ɗauka, muryarsa ta cika kicin ɗin.

"Mero, ni ne. Na san kina ji. Na yi kuskure, ki yafe min, ki ba Gwaggo haƙuri. Tun da na bar gidan ban iya cin komai ba." Ya ja numfashi, ni ma na ja, hannuna ya riga ya kama kan wayar. "Abu ɗaya kawai. Mutumin da ya sayi motar, kin karɓi sunansa ko lambarsa? In bai kai takardar an canza suna ba, har Litinin ana iya dawo da motar. Ko kalar motar da ya zo da ita kika tuna, ki faɗa min, na san dilolin garin nan duka. Kar mu yi asarar motar nan. Ki kira ni yau, please."

Kaset ya tsaya. Na mayar da shi baya na sake ji, na kuma sake, ina neman kaina a cikin saƙon. Sunana sau ɗaya ya fito, a farko, inda ake sa sunan wanda aka kira.

Ban san Gwaggo tana tsaye a bayana ba sai da ta miƙo hannu ta danne na'urar.

"Ya isa haka. Bugo min Alhaji Dabo."

"Me za ki ce masa?"

"Ya aiko a kwashe musu kayansu. Ki cire wannan atamfar ki wanke, ki goge, a haɗa da ita."

Ni na buga lambar da hannuna. Sau biyu ina kuskure ina sakewa, saboda hawaye sun rufe min ido, kuma saboda har a lokacin ina son sa.